Farin Kayan da Na Ɗinka wa Amarya a Ludiyana

Ni ba mutumin dogon bayani ba ne, karatuna kuma bai wuce aji huɗu na firamare ba, saboda haka inda kuka ga rubutu ya karkace ku tsallake ku bi hanya. Sunana Haladu, tela ne ni a Majidaɗi cikin Jalingo. Haladu Indiya ake ce mini a kasuwa, domin tun ina saurayi babu fim ɗin Indiya da ya shigo garin nan ban kalla ba, kuma duk amaryar da za ta yi shigar Indiya a bikinta wajena ake kawo ɗinkin. Da shekaru suka haura arba'in, baya ya fara ciwo, yara masu keken surfani na zamani suka kwashe mini kwastomomi. Shi ne na sayar da kekunana da ɗan filina na wajen Mayo Gwoi, na ce zan je can inda ake ƙera keken in koyo da hannuna. A gaban mutane na faɗa cewa ba zan dawo ba sai da sana'ar. Wannan maganar ita ta riƙa bina a baya kamar kare har na dawo.

Labarin jirgin sama ba shi da daɗin ji, mu bar shi. Mu fara daga Delhi.

Mutum ya yi yawa a Delhi. Da ina ganin kasuwar shanu ta Iware ita ce ƙarshen cunkoso, ashe wasan yara ce. Wanda ya tarbe ni wani ɗan uwanmu ne Bahaushe mai suna Usaini, tafintan masu zuwa asibiti. Ya kai ni ɗakinsa, ya ajiye mini tuwon shinkafa da miyar kuka, yana ce mini Yaya Haladu. To mutumin da ya ba ka miyar kuka a Indiya ai ba ka tambayarsa shaida. Ya ce ya riga ya gama magana da wata masana'anta a garin Ludiyana cikin jihar Punjab, za su koya mini aiki su ba ni ɗaki, abin da ya rage kawai in ba shi kuɗin ya tura musu. Na ba shi. Ya raka ni tashar jirgin ƙasa, ya sa mini adireshi a waya, har da yi mini addu'ar tafiya. Allah ya isa, ban ƙara jin muryarsa ba.

Amma a cikin jirgin ƙasan nan ban san an riga an yanka ni ba, murna kawai nake yi. Ga gonaki shimfiɗe, rawaya fal da furen wani ganye da suke miya da shi, ga manyan mutane masu rawani a kan tarakta. Na ce yau ga ni a cikin fim. Wasu iyali da muka zauna tare suka buɗe kwanukansu suka miƙo mini gurasa da dankali mai yaji. Na zage na yi musu Indiyancina na fim. Matsalar ita ce Indiyancin fim na soyayya ne da ɗaukar fansa da kiran 'yan sanda. Na iya cewa zuciyata ta karye, na iya cewa sai na sha jininka, amma ban san yadda ake tambayar bayan gida ba. Tsohuwar cikinsu ta yi dariya har da riƙe ciki.

A Ludiyana sanyi ne ya fara gaishe ni. Na taɓa zuwa Gembu, na ɗauka na san sanyi. Wannan daban ne, hazo ne mai jiƙa kaya, yana shiga ƙashi ya zauna. Mai keke-napep ya yi ta yawo da ni har muka samu adireshin. Shagon faci ne. Mai shagon ya duba wayata, ya dube ni, ya kaɗa kai irin na wanda ba yau ya fara ganin irina ba. Na kira Usaini, waya a kashe. Na zauna a kan tsohuwar taya, na tuna filina, na tuna bakin da na buɗe a kasuwa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai facin nan ne ya nuna mini wani farin gini mai ƙubba, ya yi alamar ci da hannu. Wurin ibadar Sik ne, wato masu rawani da gemun nan. Kullum suna dafa abinci, kowa ya zo ya ci, ba a tambayar addininka ko garinku. Sharaɗinsu ka cire takalmi ka rufe kai. Na ce wannan ai gida ne, hulata tana kaina tun daga Jalingo. Muka zauna a ƙasa sahu-sahu, mai kuɗi da lebura, aka zuba mana wake da gurasa. Na ci ina hawaye, rabi na yaji, rabi na abin da ya same ni. Sun bar ni na kwana a ɗakin baƙi, kuma ba wanda ya hana ni shimfiɗa sallayata a lungu. Sai dai abinci ba nama, ba kifi. Kwanakin nan in na rufe ido ba matata nake fara gani ba, Allah ya yafe mini, busasshen kifin Lau nake gani a cikin miyar kuɓewa.

Wata safiya ina zaune a rana ina ɗinke aljihun rigar sanyina, sai wani tsoho mai farin gemu da ke raba gurasa ya tsaya a kaina. Ya karɓi rigar ya juya ta ciki, ya duba ɗinkin ta baya. Nan na san ya san aiki, domin wanda bai sani ba gaba yake dubawa. Ya nuna hulata, ya tambaya ko ni na yi aikin jikinta. Na ce ni ne. Ya ce, "Mastaji, tashi mu je."

Haka suke kiran tela a can, Mastaji. Ni da na gudu daga aji huɗu, ga ni masta a ƙasar Indiya.

Babaji, haka kowa ke kiran tsohon, yana da shagon hoto a wani tsohon lungu, gidansa a sama. Yanzu kowa da waya a hannu, hoto ba ya ci, abin da ke riƙe shagon shi ne kayan rawa na gargajiya da yake ba da haya, da masu zuwa su sa a ɗauke su. Kayan duk sun yayyage, telansa ya rasu. Ya ba ni ɗan ɗaki a bayan shagon da tsohon keken ɗinkin marigayiya matarsa, ya ce in gyara kayan in ci abinci a gidan.

Amma bangon shagon nan, jama'a. Tun daga ƙasa har rufi hotuna ne tsofaffi, baƙi da fari, waɗanda mahaifinsa ya ɗauka da irin kamarar nan ta akwati da ake lulluɓa da baƙin ƙyalle. Na kwana biyu ban iya aiki sosai ba saboda kallo. Ga maza a gona bayan girbi, sun ɗaura zani a ƙugu, sun sa falmaran, rawaninsu da tukku a tsaye kamar na zakara, ƙafa ɗaya a sama, hannuwa a sama, mai babbar ganga a tsakiya ya buɗe baki. Wannan ita ce bangara. Ga mata sun yi da'ira suna tafi, biyu a tsakiya suna juyi, Babaji ya ce gidda ake kiranta, na ce wallahi gaɗa ce, gaɗar 'yan matanmu ce aka sa mata gwal. A ɗaya bangon kuma Hindu ne: wata mace da 'yan ƙararrawa sun cika mata ƙwauri, ta juya har siket ɗinta ya buɗe kamar faifai, fuskarta ce kawai ta fito sosai. Wani yaro da sarewa da gashin ɗawisu a ka, 'yan mata sun kewaye shi da sanduna. Wani da kambi mai tsawo da gashin baki kamar ƙahon bauna.

Na riƙa ɗaukar gilashin Babaji mai ƙara girma ina bin ɗinkin, yadda aka tattare siket, inda aka sa maɓalli, yadda wando yake da faɗi a sama ya tsuke a idon sawu. Ashe shekara da shekaru abin da nake ɗinka wa amaren Jalingo ba na Indiya ba ne, na 'yan fim ne. Na ji haushi, na kuma ji daɗi, kamar wanda ya daɗe yana shan ruwan kwata aka kai shi bakin rijiya. Na gaya wa Babaji labarina duka, da Indiyancin fim da guntun Turanci da hannu. Ya saurara, ya ƙara mini shayi.

Mutanen gidan ba su da yawa. Akwai Manjit, matar ɗansa, wadda mijinta ke tuƙin tirela a Kanada, ita ce mai gidan a gaskiya, kuma tun ranar farko ba ta so zamana ba. Akwai 'yarta Harlin, wadda ake shirin aurenta da wani soja da ke aiki a bakin iyaka. Sai Bebe, yayar Babaji, tsohuwa tukuf, idonta ya yi rauni, kullum tana kan gadon igiya a rana cikin fararen kaya. Ni da na ga ita kaɗai ke sa fari tas, sai na ce lallai wannan shigar manya ce, mai daraja.

Ana saura 'yan makonni biki, Babaji ya ciro wani hoto daga bango ya kawo ɗakina. Wata matashiyar mace ce a tsakiyar gidda, ta ɗaga hannu ɗaya, babban mayafi ya rufo daga kanta har gwiwa yana ƙyalli. Ya ce mahaifiyarsa ce, a ƙauyensu da yanzu ya faɗa cikin Pakistan. Yana so in ɗinka wa Harlin irin kayan nan sak, ta sa ranar rawar mata kafin ɗaurin aure, kuma kada kowa ya sani, kyauta ce. Ya ce in aikin ya yi kyau, shi da kansa zai nemo mini inda zan koyi keken surfani, in zauna a gidansa har in iya. Ya ba ni kuɗin yadi, ya tafi ƙauyen dangin ango wajen shirye-shirye.

Na duba hoton nan da gilashi har idona ya yi ja. Riga fara. Mayafi fari, aikin jikinsa fari, yana walƙiya. Ban yi wata-wata ba. A wajenmu wane kaya ne ya fi fari? Ango fari, Idi fari, Arfa fari. Kuma duk tela ya san farin aiki a kan farin yadi shi ne ƙarshen gwaninta, domin ba launin da zai ɓoye maka kuskure. Na je wani babban kanti inda ba mai tambayarka komai, na zaɓi farin yadi mai kyau da farin zaren siliki, na kulle kaina.

Ban taɓa aiki irin wannan ba, kafin nan da bayan nan. Na kwaikwayi zanen hoton, 'yan murabba'ai da taurari, inda hoton ya dushe na cike da irin aikin wuyan babbar riga. Yatsuna suka kumbura don sanyi, tari ya kama ni, amma ina aiki ina waƙa. In Manjit ta aiko da abinci sai in rufe kayan da bargo. Har na fara tsara yadda zan shiga kasuwar Jalingo da sabon keke.

Ranar da Babaji zai dawo, abu ɗaya ya rage, ɗan siririn gyale na ciki. Na leƙa shagon Lalaji a bakin lungu. Lalaji Hindu ne mai sayar da yadi, abokin Babaji tun suna yara, mutumin kirki, amma bakinsa ba ya riƙe ruwa. Na ce ina son farin gyale, fari tas. Ya tambaya na wa. Na ce na Harlin ne, kayanta duka farare na gama, wannan ne ya rage. Sai na ga mutum ya ajiye almakashi. Ya dubi jajayen idanuna, ya kama hannuna biyu ya riƙe, nasa idon ya ciko. Ya naɗe gyalen ya ƙi karɓar ko sisi. Na fito ina cewa kai, mutanen Punjab akwai karamci.

Ina cikin guga bayan azahar na ji kuka a lungu. Na leƙo. Mata ne sun kai goma, duk da fararen mayafai, matar Lalaji a gaba, suna hawa matakalar gidanmu suna dukan ƙirji. Maza na biye, kai a sunkuye. Na bi su da gudu ina tunanin Bebe ce ta cika. Na tarar da Bebe a zaune lafiya lau tana ɓare gyaɗa. Matan suka wuce ta suka rungume Harlin, suna cewa yarinya ƙarama, ko lalle ba a kai ga sa mata ba. Harlin ta sandare. Manjit ta fito daga kicin da gari a hannu, da ta fahimci cewa gaisuwar mutuwar ango aka zo yi, sai ta ce Harlin ta kira shi maza.

Allah ya taimaka wayar sojan ta shiga. Yana raye, yana cin abinci ma. Harlin ta sa muryarsa kowa ya ji. Aka juya kan Lalaji, wa ya gaya maka? Lalaji ya nuna ni.

Daidai nan Babaji ya shigo da jakarsa. Ni kuma, da wautata, na ce bari in kawo kayan su gani, ai kyansu zai wanke ni. Na sauka na ɗauko su tare da hoton, na warware mayafin nan a tsakar gida, rana ta buge shi yana ƙyalli. Rashin sani ya fi dare duhu. A can, fari kayan takaba ne. Matar da mijinta ya mutu ita ke sa shi, da masu zuwa gaisuwa. Abin da ya sa Bebe ke cikinsa ke nan shekara da shekaru. Ni kuwa na ɗinka wa amaryar soja kayan takaba tun daga kai har ƙafa, na yi musu ado.

Manjit ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce wa Babaji, a gabana, a hankali yadda zan gane: "Kai ka kawo shi. Gobe kada in gan shi a gidan nan."

Babaji ya dubi hoton, ya dubi mayafin, ya shige ɗaki. Ban ga laifinta ba. Da a Majidaɗi wani baƙo ya kawo wa 'yata likkafani ana saura kwanaki bikinta, ba zan tsaya jin bayani ba.

Na koma ɗakina na haɗa jaka. Ba ni da wurin zuwa sai wurin masu rawani, daga nan kuma sai Jalingo hannu rabbana, ba keke, ba fili, ba sana'a. Ina ɗaure jakar Harlin ta leƙo, idonta a kumbure, ta ce Bebe na kira, in zo da mayafin.

Bebe ta shimfiɗa shi a cinyarta. Ba ta gani sosai, da yatsa ta bi shi, gaba da baya, ta daɗe. Harlin na fassara inda Indiyancina ya ƙare. Ta tambaye ni me ya sa fari. Na ce a garinmu da fari ake aure, da fari ake zuwa Idi. Ta ce to da me kuke binne mutum? Na ce da fari. Ta kwashe da dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce ashe ku kun gane, aure da mutuwa duk tafiya ce ba dawowa.

Sannan ta ce a miƙo mata hoton, ta riƙe shi ba tare da ta duba ba. Ta ce tana wurin ranar da aka ɗauka, tana 'yar ƙarama, tana riƙe da takalman uwarta. Rigar ruwan hoda ce. Mayafin kuwa ja ne wur, irin saƙar hannu, amma kakarsu ta rufe shi kaf da zaren siliki ruwan gwal, tun ranar da aka haifi uwarsu ta fara aikin, har jan ba ya ganuwa sai a baki-baki. Fulkari suke kiran irin aikin. Rana ce ta bugi silikin, kamara ta mai da shi fari. Ta ce lokacin da aka raba ƙasa suka gudo, ubansu ya ɗauko hotunansa, mayafin aka bari a cikin akwati.

"Wannan kuwa nawa ne," in ji ta, ta ja farin ta yafa a kafaɗa. "Tun da mijina ya mutu ake ba ni fari kamar buhun gishiri. Ba wanda ya taɓa zama ya yi mini ado a kai."

Ta sa aka kira Lalaji. Ya zo yana haɗa hannuwa yana ba da haƙuri. Ta ce masa tunda bakinsa ya iya kai labari lungu-lungu, ƙafarsa ma ta iya kai Mastaji wajen surukinsa mai kekunan surfani, gobe da sassafe, kuma jan yadi da yadin riga ruwan hoda da zaren gwal daga shagonsa za su fito. Manjit tana bakin ƙofa, ta ce ita ba ta yarda ba, kuma ko an yi, sai ta gani da idonta kafin ya taɓa jikin 'yarta. Bebe ta ce ai ba wanda ya hana ta gani. A kan wannan aka tsaya: in kwana a gidan har biki, in bai yi mata ba in kama gabana.

Wurin surukin Lalaji kuwa, in na ce zan kwatanta sai takarda ta ƙare. Kekunan da na sayar da filina dominsu, ga su jere, ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Wasu ma ba mai taɓa su, na'ura ce ke tuƙa kawuna da yawa a lokaci guda. Ni aka zaunar da ni a kan na hannu, wanda ake juya wani ɗan mariƙi a ƙarƙashin tebur allura ta bi inda kake so. Ranar farko na ɗinke hannun rigata da yadin. Rana ta biyu na karya allurai har mai wurin ya daina kallona don kada ransa ya ɓaci. Hannun dama yana son ya yi irin na keken gida, keken kuma ba ya so. Ma'aikatan suna ta yi mini tsiya, wai Mastajin Afirka yana yaƙi da inji. Amma wani tsoho a cikinsu ya dafa hannuna a kan mariƙin, ya juya tare da ni, ya sake juyawa, har na ji abin ya shiga. Wallahi lokacin da tauraron farko ya fito daidai, gwal a kan ja, na tashi tsaye na yi kabbara a tsakiyar Hindu da Sik, suka tafa mini.

Kullum da yamma sai in kai wa Bebe abin da na yi, ta shafa, ta ce nan ya yi sako-sako, uwarta ba ta barin ja ya leƙo haka. In koma in ƙara. Aikin da kakarsu ta yi shekaru tana yi da allura ba zai yiwu inji ya kamo shi a 'yan kwanaki ba, ni ma na sani, ita ma ta sani. Amma mun matsa kusa.

Ana gobe rawar na kai wa Manjit. Ta karɓa ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Na kwana jakata a ɗaure.

Washegari da la'asar aka cika tsakar gida. Mai babbar ganga ya tsaya a bakin ƙofa, mu maza muna daga gefe. Mata suka yi da'ira suka fara tafi, ɗaya ta jefa baiti, sauran su amsa, a kwashe da shewa. Sai ga Harlin ta fito. Riga ruwan hoda, mayafi ja da gwal tun daga ka har gwiwa. Ta shiga tsakiya ta ɗaga hannu ɗaya. Na waiwaya na ga Babaji ya ɗaga kamara, ya sauke, ya goge ido da bakin rawaninsa, ya sake ɗagawa. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi, domin hoton bango ne ya sauko ƙasa da launinsa.

Ana cikin haka Bebe ta ce a tashe ta. Mata biyu suka riƙe ta, ta shiga da'irar da farin mayafina yana walƙiya. Wasu tsofaffi suka fara gunaguni, ta jefa musu wani baiti da ban gane ba, amma duk gidan ya ɗauki dariya, har matar Lalaji ta rufe fuska. Ta yi tafi, ta buga ƙafa sau biyu ko uku, ta kama hannun Harlin suka juya tare, ja da fari. Daga nan mazan ma suka ɓarke da bangara a lungu, Lalaji ya jawo ni ciki da ƙarfi. Ni da ciwon bayana, na ɗaga hannuwa sama, na ɗaga ƙafa ɗaya, na yi abin da na shekara talatin ina kallo a allo. Kada wanda ya kai wa matata wannan labari.

Aka ɗaura aure, aka kai amarya, gida ya yi shiru. Manjit ba ta ce mini komai ba har lokacin, Babaji kuma ba ya yanke magana a gidan sai da ita. Da safe ina zaune a kan jakata na ji takunta a matakala. Ta shigo ɗakin, karo na farko tun zuwana. Ta dubi jakar, ta dube ni. Sai ta ajiye wani yadi a kan keken, ta ajiye zare a kai, ta ce riga take so da aiki a wuya, in yi shi a wurin surukin Lalaji, ba gaggawa, in na ƙware.

Ta kai bakin ƙofa ta juyo, ta nuna yadin da yatsa, ta ɗaga murya kamar mai magana da kurma.

"Kore ne, Mastaji. Kore. Ka gan shi?"

Na ce na gan shi, ranki ya daɗe. Na kwance jakata.